Barka da Kirsimeti daga Roma

Mama,

Barka da Kirsimeti. Ina fata kun tashi lafiya, ku da Baba da yara. Na san yanzu tukunyar shinkafa na kan murhu, Auta kuma tana satar cincin. Nan sanyi ake yi mai shiga ƙashi. Tsohuwar da nake kula da ita ta tafi gidan ɗanta, shi ya sa na samu sararin zama in rubuto.

Shekaranjiya na shiga wani coci kusa da dandalin Navona, ana ce masa San Luigi dei Francesi. A can ƙurya ta hagu akwai zanen kiran Matiyu mai karɓar haraji, wanda wani mai zane, Karabajo, ya gama a shekarar 1600. Wurin duhu ne, sai an jefa tsaba a wani akwati fitila ke kamawa na ɗan lokaci. Na tsaya ina jira wani ya jefa, kun dai san ni da kuɗi.

Da ta kama, Mama, sai na ga teburin Baba in an ɗauke wuta, ya kunna fitilar ƙwai yana lissafin cinikin shago. A zanen, mutum biyar ne zaune a kan teburin kuɗi, rabin ɗakin baƙi ƙirin. Akwai taga a bangon amma ba ta ba da komai. Hasken ta sama daga dama yake shigowa, ya bi hannun Yesu, ya sauka a fuskar mai gemun da ke nuni da yatsa kamar yana cewa, wai ni? Shi Yesu kansa da kyar na gano shi, Bitrus ya kare shi, ƙafarsa ko takalmi babu. Wani saurayi a ƙarshen tebur bai ma ɗaga kai ba, yana ta ƙirga tsaba. Shi na fi kallo, don wata uku ke nan ni ma haka nake.

Mai zanen kuwa ba mutumin kirki ba ne can. A 1606 ya kashe mutum a faɗa, ya gudu daga Roma, ya mutu a 1610 bai kai arba'in ba. Kada ku faɗa wa Baba, zai ce me ya kai ni.

Na tura ɗan abin da ya samu ta hannun Yaya. A cire na maganin Kaka tukuna, sauran a sayi kaji. Ku gaishe mini da Kawu da mutanen coci.

'Yarku