Tumbatsar magudanun najasa na karya darajar gidaje a birane

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku domin in ja hankalin hukumomin birane kan wata asara da ba a cika lissafa ta ba, wato yadda tumbatsar magudanun najasa ke karya darajar gidajen da ke kusa da su.

A tsofaffin birane da yawa, bututu guda ne ke ɗaukar ruwan sama da ruwan masai a haɗe. Da zarar an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya sai bututun ya cika, a saki rarar cikin kogi ba tare da an tace ba, ko ta ɗaga murafen kan titi ta malala, wani lokaci ma ta koma da baya ta ɓullo a banɗakunan mutane. Hukumar kula da muhalli ta Ingila ta ce a shekarar 2023 an shafe sa'o'i miliyan 3.6, idan aka haɗa na duk magudanan ƙasar, ana kwarara irin wannan ƙazanta cikin koguna da teku, a Amurka kuma garuruwa kusan 700 ne ke da wannan tsari.

An saba kallon lamarin ta fuskar lafiya, kuma haka ya dace, domin kwalara da taifot ba abin wasa ba ne. Amma mai neman sayen gida yana da ido da hanci. Yana ganin baƙin layin da ruwa ya bari a jikin katanga da fentin da danshi ya kumbura, yana jin warin da ke tashi bayan an ɗauke ruwa, sannan ya tambayi maƙwabta, su kuwa su faɗa masa gaskiya. Daga nan ko dai ya yi tayin wulaƙanci ko ya juya. Ɗan haya mai hali yakan kwashe kayansa, kamfanin inshora ya ƙara kuɗi, banki kuma ya yi ɗari-ɗari da karɓar gidan a matsayin jingina. Hatta gidan bakin kogi, wanda a al'ada ya fi tsada, kusancinsa da ruwa sai ya zame masa aibi. Abin da ya fi damuna shi ne, asarar ta fi faɗawa kan masu ƙaramin ƙarfi da ke zaune a kwari, waɗanda gidan nan shi ne duk abin da suka tara a rayuwa, alhali ba su suka gina bututun ba.

Gyara yana da tsada, babu musu. Landan ta haƙa rami mai tsawon kilomita 25, akasarinsa a ƙarƙashin kogin Thames, domin tare wannan ƙazanta, Faransa kuma ta kashe kimanin yuro biliyan 1.4 wajen tsaftace kogin Seine gabanin wasannin Olamfik na 2024. Sai dai duk hukumar da ke kukan tsada ya kamata ta ɗora asarar masu gidaje a kan sikeli, tare da harajin da ita kanta ke rasawa idan unguwa ta faɗi.

Saboda haka ina kira da a wajabta wa hukumomin ruwa su riƙa bayyana inda aka samu tumbatsa da tsawon lokacinta. Wasu za su ce hakan zai ƙara karya farashi, amma ɓoyewa ba ta kawar da asarar, tana dai mayar da ita kan mai saye ne. A kuma fara gyara daga unguwannin da abin ya fi maimaituwa, a biya diyya ga duk wanda najasa ta shiga gidansa.

Wassalam,
Wani mai karatu