Kuɗin ganin lauya: a riƙa faɗa wa mutane tun a bakin ƙofa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan kuɗin da lauyoyi ke karɓa kafin ma su saurari matsalar mutum. Mutanenmu da yawa suna ganin wannan cuta ce, wai daga zama a yi magana sai a ce kawo kuɗi. Ni dai gaskiya ban ga cuta a ciki ba. Mutum ya yi shekara 5 a jami'a ya ƙara ɗaya a makarantar horar da lauyoyi, wato Law School, irin ta Bagauda, maganar nan da zai faɗa maka ai ita ce hajarsa, kuma asibiti ma sai ka yanki kati kake ganin likita. Tun 2023 akwai ma dokar da ta ƙayyade mafi ƙarancin abin da lauya zai caja har da na ba da shawara, kuma na babban lauya SAN ba ɗaya ba ne da na sabon shiga.

Abin da ke ba ni takaici shi ne za ka ga mutum ya biya dillali la'ada ba ko gardama, ya sa hannu a takardar cinikin fili da aka rubuta a tsaye, sai bayan mai fili na biyu ya ɓullo da tasa takardar sannan a fara neman lauya ido rufe, lokacin kuwa kuɗin ya ninka kuma shari'ar fili kowa ya san shekarun da take ci.

Amma fa lauyoyi ku ma da laifinku. Wasu sai bazawara ta gama zayyana maganar gadon marayunta tana hawaye sannan a ce mata ga abin da za ta biya, haba! A faɗa tun a waya ko a manna a ofis, a ba da rasit, a kuma bayyana ko za a cire shi daga kuɗin shari'a idan aka ci gaba.

Wanda ba shi da hali kuma a nuna masa hanya mana. Akwai hukumar gwamnati mai ba da taimakon lauya, Legal Aid Council, tun 1976 don masu ƙaramin ƙarfi, akwai ƙungiyar lauyoyi mata FIDA mai taimakon mata da yara kyauta, amma mutanen karkara nawa ne suka taɓa jin sunansu? Ina roƙon ƙungiyar lauyoyi NBA ta shiga rediyo da Hausa ta yi wa jama'a wannan bayanin.

Wassalam,
Mai karatunku daga Kano