Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Filin Wasan Taya Na Matasa

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun Mai Unguwa,
Kaduna.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ne matasan gundumarka masu wasan takalmin taya da allo mai taya, tare da wasu daga cikin iyayenmu da suka sa hannu a wannan takarda.

Ba mu da wurin wasa sai kwalta. Duk wanda ya fita da sassafe ranar Asabar ya san abin da muke nufi: yara sun yi layi a gefen titi, wani ya kama bayan Keke Napep yana jan sa, direban bai ma san da shi ba. A watan jiya wani ƙaninmu ya saki hannu a kan gangare, tayarsa ta ci karo da tsakuwa, ya kife. Allah ya kiyaye, tipar da ke bayansa ta taka birki, amma har yau hannunsa na ɗaure. Mahaifiyarsa ta kulle takalman a akwati, shi kuma ya koma aron na abokinsa. Hani ba ya raba yaro da wannan wasa, ranka ya daɗe, sai dai ya koma yi a ɓoye.

Roƙonmu shi ne ka kai kukanmu ga ƙaramar hukuma da hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, a ware mana filin nan da ke kusa da bakin kogi, wanda yanzu ya zama juji. Wasan kuma ya wuce a kira shi shiririta, tunda allo mai taya ya shiga gasar Olamfik tun wadda aka yi a Tokyo a 2021.

Sai dai akwai abin da ya fi filin damun mu. Muna tsoron idan Allah ya sa an amince, a ɗauko zane daga intanet a miƙa wa ɗan kwangila ya kwaɓa siminti ya tafi. Ramin nan mai kama da ƙaton kwano da ake gani a filayen Amurka, asalinsa kwamin wanka ne. Fari aka yi a Kalifoniya a shekarun 1970, masu gidaje suka bar kwamin ba ruwa, samari suka shiga da allunansu. Wato su ma abin da ƙasarsu ta ba su suka gina a kai. A nan kuwa, inda ruwa ke zuba tun Afrilu har Oktoba, ramin da ba a yi masa magudana ba tafkin sauro zai zama kafin Agusta. Gangaren ƙarfe kuma, da ranar Maris, ko ƙwai aka fasa a kai sai ya soyu.

Muna so wanda ya shigo filin ya san a Kaduna yake. Sunan garin nan daga kadojin kogin ya samo asali, to a yi tudun tsakiyar filin dogo mai ƙusumbi-ƙusumbi kamar bayan kada, a hau ta wutsiya a sauka ta kai. Mun tattauna da malamanmu, don haka muke jaddada cewa ba mutum-mutumi muke nema ba, ba ido ba baki, siffar tudu ce kawai, kuma irin wannan hawa da sauka shi ne ainihin abin da mai taya ke so. Ƙarafunan da ake zamewa a kai, a nemi tsoffin guntayen layin dogo ta hanyar hukuma, domin jirgin ƙasa ne ya raini garin nan tun kafin a dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. A kafe su da kyau cikin siminti, kowa ya san halin 'yan jari bola. A kan magudanar ruwa kuma a ɗora 'yar gada da za ta tuna wa mutum da gadar Gwamna Lugga, wadda aka gina a Zungeru a 1904, yanzu take lambun shaƙatawa na Gamji a nan Kaduna. Da yawa cikin ƙannenmu sun wuce ta ba su san labarinta ba.

Bangon kewaye, a bar wa maginan gargajiya su yi masa zanko da dagin Arewa, wani ɓangaren kuma a zana adon atamfa saboda iyayenmu da suka yi aiki a masaƙun Kakuri. Bishiyoyin mangwaro da maɗacin da ke wurin kada a sare ko ɗaya, a bi da hanyar wasan ta ƙarƙashinsu.

Namu alkawarin: za mu kwashe jujin da hannunmu, mu riƙa shara, a tsayar da wasa lokacin salla, a rufe da magariba, a ware wa ƙananan yara da 'yan mata lokacinsu. Ƙofar a buɗe take ga yaran Kawo da Tudun Wada, da na Barnawa da Kakuri a tsallaken kogi. Muna kuma roƙon a sa mutum biyu daga cikinmu a zaman da za a yi kan zanen, domin wanda bai taɓa hawa taya ba ba zai gane cewa ɗan gaɓar siminti mai kaurin yatsa ya isa ya kayar da mutum ba.

Mun haɗo da zanen da muka yi da fensir a takarda, da sunayen waɗanda suka sa hannu. Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da nisan kwana.

Mu ne naka masu biyayya,
Matasa masu wasan taya da iyayensu.