Kada ku sake ce wa uwa ta hana ɗanta ruwa sai ya yi magana

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Tun daren Laraba da na saurari shirinku na lafiyar iyali raina yake a ɓace. Baƙon da kuka gayyato ya faɗa da bakinsa, har sau biyu, cewa idan yaro mai lalurar otizim, wato lalurar da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane, ya miƙo hannu yana son abu, uwa ta riƙe abin gam, kada ta sakar masa sai ya furta sunansa. Ya ƙara da cewa katunan hotuna suna sa yaro kasala, wai idan ya saba nuna hoto ba zai ƙara motsa bakinsa ba. Mai gabatarwa ta ce "haka ne, likita," aka wuce zuwa tambaya ta gaba.

Ni na yi abin da ya ce ɗin nan. Wata bakwai cur na yi ina yi, lokacin ɗana yana da shekara uku da rabi, domin wani ya taɓa ba ni irin wannan shawara. Sai in ɗaga kofin ruwa sama in ce, "Ce ruwa. Ce ru-wa." Yaron ya ja hannuna, ya ja rigata, ya yi ta tsalle, daga ƙarshe ya zube ƙasa yana buga ƙeyarsa. Har yau akwai tabo a bayan hannunsa na dama, inda yake gartsa wa kansa cizo idan abin ya ishe shi. Ni kuma in shige ɗaki in yi kukana in share hawaye in fito mu sake. Ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Abin da ya koya a watannin nan shi ne ya daina zuwa wurina. Idan ƙishirwa ta kama shi sai ya jawo kujera ya hau ya nema da kansa, ko ya haƙura. Da, aƙalla yana jan hannuna zuwa wurin abin da yake so, kuma wannan jan hannun magana ce yake yi mini. Da hannuna na kashe ta.

Da Allah ya haɗa mu da wata mai koyar da yara magana, abin da ta fara yi shi ne ta ɗauki hoton kofinsa, nasa na ainihi, shuɗi mai hannu biyu, ta manna a kati. Ta zaunar da ni a gabansa da kofin, ta sa yayarsa a bayansa. Da ya miƙo hannu, yayar ta kama hannun a hankali ta ɗora a kan katin, ta taya shi ya sa mini a tafi. Nan take na ba shi ruwan, na ce "ruwa" sau ɗaya tak, ban ce ya maimaita ba. A rana ta huɗu ya ɗauko katin da kansa. Daga nan aka fara nisanta katin, sai ya tashi ya je ya ɗauko, ya biyo ni har inda nake ya taɓa ni. Yaron da yake guduna! Aka ƙara hoton ƙwallo, hoton ƙofa, hoton banɗaki, ya koyi zaɓa. Da ƙwallon nan muka koya masa jiran layi: in gangara masa in ce "naka," ya gangaro mini in ce "nawa." Wannan wasan ne ya sa yau yake iya zama da yara biyu su yi wasa ba tare da an raba faɗa ba.

Wajen wata takwas da farawa, ya miƙo mini katin kofi, ya ce "uwa." Ruwa yake nufi, harshen bai kama farkon kalmar ba. Na ba shi ruwan hannuna yana rawa.

Malam Edita, wannan hanya ba ƙirƙirar malamarmu ba ce. Sunanta PECS, kuma tun 1985 Andy Bondy da Lori Frost suka fito da ita a Amurka. An yi bincike a kanta da ire-irenta, ba a samu cewa hoto ko alamar hannu suna toshe magana ba, hasali ma yara da dama kalmominsu ƙaruwa suke yi. Akwai kuma waɗanda bakin ba zai buɗe ba har su girma. Su fa? A bar su ba hanyar cewa cikinsu na ciwo, don wani yana tsoron kasala? Haka nan wata maganar da baƙon naku ya yi a shirin, ta a kama haɓar yaro a juyo da fuskarsa sai ya kalli idonka. Ɗana ya fi jin abin da nake faɗa idan yana kallon gefe. Ranar da na daina kama haɓarsa ya fara satar kallona da kansa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da wannan lalura. Ka lissafa iyaye nawa ne suka kasa kunne a daren nan, da yawansu ba su da wanda za su tambaya sai ku. Na tabbata akwai wadda ta wayi gari ranar Alhamis ta ɗaga kofi sama. Ita ce ta hana ni barci.

Ina roƙonku ku gyara wannan magana a cikin shirin, a daidai lokacin da aka faɗe ta. Kada ku jira sai 2 ga Afrilu, ranar otizim ta duniya, sannan ku tuna da mu. Ku nemo wanda aikinsa ke nan, koyar da yara magana, ku haɗa shi da uwa ko uba da suka bi hanyar, ku ba su lokaci su yi bayani dalla-dalla.

Tunda na riga na ɗauki alƙalami, me ya sa kuka cire maimaicin shirye-shirye na safiyar Asabar? Mu da dare yake ƙare mana wajen lallashin yara su yi barci, da shi muka dogara. Don Allah a mayar mana da shi.

Na gode.

Wata uwa, mai sauraronku kullum.