Amsa ga mai tambayar me ya kai ɗan kasuwa maganar gidan haya

Salam Malam,

Na ga tambayar da ka jefo min a bainar jama'a, wai ni ɗan kasuwa me ya haɗa ni da maganar tsadar haya da masu kwana a titi, ko dai so muke a kwashe mana su daga ƙofar shagunanmu shi ne muka sa wa abin rigar tausayi. To wallahi ban ji haushi ba, don akwai ƙamshin gaskiya a maganarka, da yawanmu abin da ke damunsu kenan, kar kwastoma ya zo ya tarar da mutum kwance a baranda. Amma ni abin da ya fara jawo ni ciki ma'aikatana ne. Yaro mai hazaƙa ka koya masa aiki shekara biyu, mai gida ya ƙara masa kuɗin haya, ya koma can bayan gari, kullum sai ya yi awa biyu a hanya, ya iso a gajiye, wata uku ya ajiye aikin. Sau nawa hakan ta faru da ni. Kaga ko don aljihuna ma dole in damu.

Sai dai in kana so ka gane ɗan kasuwa da gaske yake ko baki ne kawai, kar ka kalli cekin da ya ɗaga a gaban kyamara, kalli inda ya tsaya ranar da abin zai taɓa kuɗinsa. A Amurka an ga wannan ƙiri-ƙiri a 2018. Majalisar birnin Seattle ta sa harajin dala 275 a shekara kan kowane ma'aikaci a manyan kamfanoni don a gina gidaje a kuma kula da marasa matsuguni, Amazon da Starbucks da wasu suka ce ba su yarda ba, Amazon har ta dakatar da shirin wani dogon bene da za ta gina tun ana muhawarar dokar, ko wata guda ba a cika ba majalisar ta soke dokar. A shekarar dai a San Francisco aka kawo irin wannan haraji kan kamfanonin da kuɗin shigarsu ya haura dala miliyan 50, shugaban kamfanin manhajar kwamfuta na Salesforce Marc Benioff ya tsaya kai da fata yana goyon baya duk da kamfaninsa na cikin manyan masu biya, Jack Dorsey, shugaban Twitter a lokacin, kuma ya yi adawa da harajin, suka yi ta cacar baki a fili. Jama'a suka kaɗa ƙuri'a ya wuce, amma aka maka birnin a kotu, kuɗin suka maƙale har 2020. Duk 'yan kasuwa ne fa, ɓangaren nan da wancan.

Kyautar ma a riƙa duba ta da kyau. A 2019 Microsoft ta yi shelar dala miliyan 500 don gidaje a yankin Seattle, abin a yaba ne, amma miliyan 25 ne kawai kyauta, sauran bashi ne da za a dawo mata da shi. Ban ce laifi ba ne, bashi mai sauƙi na taimaka wa magina sosai, kawai dai a kira abu da sunansa.

Abin da nake tura 'yan uwana a kai shi ne mu yi amfani da bakinmu, don ana jin maganarmu a majalisar birni fiye da ta mai haya, wannan kowa ya sani ko ba a faɗa ba. A sassauta dokokin da suka hana gina gidaje masu ɗakuna da yawa a unguwanni, a rage jan ƙafa wajen ba da izinin gini, don kowane wata da magini ya yi yana jiran takarda ruwan bashi na hawa kansa kuma mai haya ne zai biya a ƙarshe. Sannan a fara ba mutum ɗaki tukun kafin a ce ya daina shaye-shaye ko ya nemo aiki. Finland ta ɗauki wannan hanya tun 2008, har ta mai da manyan wuraren kwana na wucin gadi zuwa ɗakunan zama na dindindin, masu daɗewa a titi suka ragu sosai. Houston ta Amurka ma tun wajen 2012 ta bi wannan layi ta sama wa mutum sama da 25,000 gida. Wanda ba shi da adireshi ko inda zai yi wanka ta yaya zan ɗauke shi aiki?

Kora kuwa da wasu abokan sana'ata ke kira a yi, na faɗa musu a taronmu, ka kore shi daga ƙofarka ya koma ƙofar maƙwabcinka, gobe kuma ya dawo. Wasu ba su ji daɗi ba, ɗaya har yau ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Don haka Malam ka ci gaba da zarginmu, ban hana ka ba. Ranar da aka kawo maganar gina gidajen masu ƙaramin ƙarfi kusa da inda nake kasuwanci, ko harajin da zai shafe ni, ka zo zaman majalisar ka ga hannun wa ya tashi.

Wassalam.