Wasiƙar godiya ga shagon da ke haɗa wa gidaje firinta a Farm Centre

Assalamu alaikum Injiniya, tare da yaran shago baki ɗaya.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu malaman kwamfuta ne a nan Kano. Gidaje da dama da kuka haɗa wa laftop da firinta ta Wi-Fi, mun ga aikin daga baya, kuma mun duba shi da idon wanda ya san sana'ar. Shi ya sa muka ga godiyar ta cancanci fitowa fili, mu kuma faɗi abin da kuke yi daidai, ko wasu sa ɗauka.

Ba da laftop kuke farawa ba. Firinta kuke fara sa wa ta buga takardar bayanan sadarwarta, wadda ke nuna sunan Wi-Fi ɗin da ta hau da lambar IP ɗinta, wato adireshinta a sadarwar gidan, misali 192.168.0.105. Sannan ku buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, a laftop ku rubuta ipconfig, a ga tasa lambar. In laftop na kan 192.168.0, firinta kuwa na kan 192.168.8, an gano bakin zaren: ba rauta (na'urar da ke raba Wi-Fi) ɗaya suka hau ba. Hakan ya zama ruwan dare a gidan da ke da rauta a falo da MiFi a aljihun maigida. Layin Wi-Fi da rauta ke ware wa baƙi ma haka yake, domin da gangan ake hana na'urorin da ke kansa ganin juna. In lambar ta fara da 169.254, firintar ba ta samu adireshi ba ke nan sam. Firintocin gida da yawa kuma 2.4GHz kaɗai suke kamawa, in an kashe shi an bar 5GHz, ko kwana aka yi ana danna WPS, maɓallin haɗawa ba tare da rubuta kalmar sirri ba, ba za su hau ba.

Amma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne maganar adireshi. Rauta aron lamba take ba kowace na'ura, ba kyauta ba. Da an ɗauke wuta ta mutu, aka tada janareto, wayoyin yara da talabijin suka riga hawa, sau da yawa sai rabon ya canza. Firintar da jiya take 105, yau ta koma 108. Laftop kuwa yana nan yana tura aiki 105, sai ya rubuta Offline, alhali ga firinta a kunne, ga takarda, ga tona. Mai gyaran da ke son a riƙa kiransa sai ya goge firintar ya sake sa ta, ya karɓi na mai, wani satin a sake nemansa. Ku kuwa shafin rauta kuke shiga, ku kwafi lambar MAC, wato lambar shaidar firintar ta dindindin, daga waccan takardar bayanan sadarwa, ku ɗaure ta da adireshi guda a sashen DHCP, mai rabon adireshi. In rautar ba ta da wannan damar, kamar wasu ƙananan MiFi, sai ku sa adireshin da hannu a jikin firintar, ku zaɓi wanda ke wajen jerin da ake rabawa: in rauta na rabawa daga 100 zuwa 199, firinta ta samu 50. Aikin bai fi minti 10 ba, kuma shi ne ke hana a sake dawo muku. Kun san da haka, kuna kuma yi.

A ɓangaren Windows ma ba kwa barin sa ya yi zaɓi da kansa. A Printers & scanners kukan bi hanyar sawa da hannu, ku rubuta adireshin, a samu Standard TCP/IP Port a kan 9100, maimakon WSD, haɗin da Windows ke yi da kansa, da yakan ɓace ya dawo yadda ya ga dama. In firinta na amsa ping, umarnin gwada ko na'ura na kan layi, amma har yanzu ana ganin Offline, kukan cire alamar SNMP Status Enabled. Direba kuwa, wato manhajar da ke sa Windows ya gane firintar, daga shafin kamfanin firintar kuke saukewa, ba daga wata tsohuwar filashi ba.

Sai gidajen da ke da firinta mai wayar USB kawai, irin HP LaserJet P1102 da ba ta da Wi-Fi. Nan kukan jona ta da kwamfutar tebur, ku mai da sadarwar kwamfutocin biyu Private, ku kunna Sharing, ku ba ta gajeren suna marar tazara, a kira ta daga laftop da \\TEBUR\HP. Kuma kuna faɗa wa mai gida gaskiya tun farko: in kwamfutar tebur ta mutu ko ta yi barci, babu bugawa. Tun sabuntawar Windows ta Satumbar 2021, wadda ta biyo bayan ramin tsaron da aka kira PrintNightmare, irin wannan haɗin yakan fitar da kuskuren 0x0000011b. Intanet cike take da shawarar a shiga registry, ma'ajiyar saitin Windows, a mai da RpcAuthnLevelPrivacyEnabled zuwa 0. Takan yi aiki, amma kariyar da aka sa take cirewa. Ku sabunta kwamfutocin biyu kuke fara yi, in ya ƙi ku kawo ɗan akwatin da ke jona firinta da rauta kai tsaye, ku kuma gwada shi kafin a biya, tunda ba kowace firinta ke yarda da shi ba.

Mun ji daɗi kuma da kuke hana jona firintar leza da ƙaramin UPS mai 650VA. Abin da ke gasa tona a jikin takarda yana jan wuta mai yawa lokacin ɗumama, sai UPS ya yi ƙara ya mutu, ya tafi da rauta. Rauta ce ta cancanci UPS ɗin.

In aiki ya maƙale a layi, kun nuna wa 'yan gida su tsayar da Print Spooler, sashen Windows mai jera aikin bugawa, su share abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, su sake kunna shi. Adireshin firinta kuma kukan rubuta a farar tef ku liƙa a gefenta, duk baƙon da ya zo da laftop ya gani.

Roƙonmu ɗaya ne, Injiniya: takardar matakan da kuke bar wa gida, a yi ta da Hausa, domin sau da yawa Hajiya da yara ne ke gida lokacin da firinta ta ƙi.

Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a sana'a, ya yi wa yaran shago jagora.

Naku,
Wasu malaman kwamfuta a Kano