Taliyar shinkafa ta Tailan ta cancanci mu san ta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan wani abinci da na daɗe ina son 'yan'uwana su sani. Mu nan da buhun shinkafa muka san Tailan, har "'yar Tailan" ta zama suna a Kasuwar Singa. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san abin da masu shinkafar ke yi da ita a gidajensu. Ni harkar duwatsu masu daraja nake yi, ina kai safaya, shuɗin dutsen ado na Mambila, kasuwar Chanthaburi da ke gabashin ƙasar, kuma garin nan, ban da duwatsu, ya yi suna wajen wata siririyar taliyar shinkafa mai danƙo da suke kira sen chan. Da ita ake yin pad thai mai kyau, wato soyayyar taliyarsu da ta yi suna.

Irin wannan taliyar ba abincin kakanninsu ba ce. Sinawa baƙi ne suka zo da ita daga kudancin Sin, suna tallarta a bakin hanya da cikin kwalekwale. Wanda ya mayar da ita abincin ƙasa shi ne Firaminista Phibunsongkhram, sojan da ya hau mulki a 1938, ya sauya wa ƙasar suna daga Siyam zuwa Tailan a 1939. Ba zan wanke shi ba: mulkin danniya ya yi, ya haɗa kai da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma takura wa Sinawan da suka kawo abincin. Sai dai a wannan batu ya yi hangen nesa. Yaƙi ya tsananta, ambaliyar 1942 ta cinye Bankok da gonaki, shinkafa ta yi wuya. Gwamnatinsa ta shiga kiran jama'a su riƙa cin taliya da rana, ta yaɗa yadda ake dafa ta, ta ƙarfafa wa talakawa gwiwa su kama sana'ar sayar da ita. Dabarar a fili take. Karyayyar shinkafa ma tana yin taliya, kuma in aka haɗa ta da ganye da ƙwai da tsiron wake, 'yar kaɗan sai ta ƙosar da mutum. A 2002 kuma wata gwamnatin ta fito da shirin tallafa wa masu buɗe gidajen abincin Tailan a ƙasashen waje, abin da ya ƙara kai pad thai Landan da Dubai da sauran birane.

Edita, ranar da na fara tsayawa na kalli mai suyar pad thai, abin da ya kama ni shi ne kusan duk kayan haɗin na san su tun ina yaro. Ruwan tsamiya ne gindin miyar. Ga awara an yanka ƙanana, ga dakakkiyar gyaɗa, ga garin barkono, albasa, tafarnuwa, ƙwai, busasshen jatan lande, da ɓarin lemun tsami a gefen faranti. Baƙi biyu ne kawai: ruwan kifi da ake tsimawa da gishiri na watanni, da sukarin da suke dafawa daga ruwan da ake tatsa a furen kwakwa ko na irin giginyarsu. Wuta ake ba kaskon sosai, faranti ɗaya ko biyu a lokaci guda, ba a cika shi. Kafin ka gama gyara zama an sauke. Loma ɗaya za ka ji tsami ya fara isowa, zaƙi ya biyo, sannan gishirin kifin, yaji kuma sai daga baya, gyaɗar tana ƙaras-ƙaras a tsakani. Kowane teburi akwai 'yan kwanoni huɗu, na sukari, na barkono, na ruwan kifi, da na ruwan tsami mai attarugu, kowa ya gyara nasa yadda harshensa ke so. Mai abincin ba ta jin haushi don ka ƙara wani abu. Haka tsarin yake.

Amma wadda ta fi kwanta mini a rai ita ce khao soi ta Chiang Mai, can arewa. Yawanci ana danganta ta da Musulmin lardin Yunnan na ƙasar Sin, fatake masu ayarin alfadarai da ke ratsa duwatsu tsakanin Sin da ƙasar Bama (Myanmar) da arewacin Tailan, kamar yadda namu fataken suka riƙa bin hanyar Gwanja. Da yawansu sun gudo ne bayan an murƙushe boren Musulmin Yunnan a 1873, kuma har yau jikokinsu na nan kewaye da masallacin Ban Haw. Taliyar alkama ce mai ƙwai, a cikin romo mai kauri na madarar kwakwa da kori da kurkum, da cinyar kaza ko naman sa da ya dahu luguf, a barbaɗa soyayyar taliya a sama, a kawo ɗanyar albasa da tsimammen ganye a gefe. Cin ta bayan sallar Juma'a a unguwar nan, tsakanin Musulmi masu kama da Sinawa suna yi maka sallama, abu ne da nake yi wa duk wani matafiyinmu fatan ya samu.

Dole in ja kunnen masu zuwa. Akwai wadda ake kira taliyar kwalekwale, ta garuruwan Ayutthaya da Rangsit, mai baƙin romo a ƙananan kwanoni. Da jini ake kaurara romon, sau da yawa na alade. Ko pad thai ɗin ma wasu da man alade suke soyawa. A nemi tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar, ko a ci wurin matan da ke sanye da hijabi. A Bankok ba su da wuyar samu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Yanzu injinan casar shinkafa sun cika Kura da Haɗeja da Argungu, kuma kowannensu na fitar da karyayya da ake sayarwa da araha, wata ta tuwo, wata ta kaji. A gefe guda kuma taliyar da 'ya'yanmu ke ci safe da yamma ta alkama ce, alkamar da mafi yawanta da dala ake shigo da ita. Yin taliyar shinkafa ba wani sihiri ba ne: a jiƙa, a markaɗa, a zuba ƙullun siriri a faranti, a turara, a bari ya sha iska, a yanka. Matar da ta iya ƙullun waina, ta kuma iya murza taliyar Hausa, ba abin da zai gagare ta a nan. Mazarƙwaila za ta tsaya a madadin sukarinsu, tsamiya kuwa muna da tamu.

Ina roƙon masu kula da shafin girke-girke na jaridar nan su gwada, su buga mana sakamakon da hotuna. In sun sami busasshiyar taliyar a manyan kantunan Kano ko Abuja, kada su tafasa ta. A ruwan sanyi ake jiƙa ta har ta yi laushi, sauran dahuwar a kasko take ƙarasawa.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani ɗan kasuwar duwatsu, daga Kano